Ƙarcen da ke jikin jitar da na saya

Ina ƙwanƙwasa jitar sai mai sayar da ita ya cafke wuyan hannuna. A tsakiyar korona fa, lokacin da ko musabaha ba a yi!

A falonsa ne a unguwar Bin Mahmud, a ƙasar da nake ci-rani, akwatuna duk a ɗaure. Dattijo ne ɗan Sifen, aikinsa ya ƙare zai koma gida. Ni kuwa direba ne, na daɗe ina neman jitar filamenko mai araha, irin wadda ake kaɗawa ana dukan jikinta da yatsa.

Ni dai yadda innata take sayen ƙwarya na yi: a ƙwanƙwasa, a saurara ko da tsaga. Na ma hango ƙarce fari fat a gefen tsirkiyoyin, na shirya cewa sai ya rage mini.

Ya ƙi sakina. Idan ya ce na fasa masa kaya, wa zai saurare ni? Kafil ɗina, ubangidan da ke riƙe da izinin zamana?

Na ce, "Yallaɓai, yi haƙuri. Ƙarcen nan na gani."

Ya ja yatsana a hankali ya ɗora a kan ƙarcen. Ya ce, "Nan ake duka. Farcen matata ne. Ni ban iya ba. Ciwon nan ya ɗauke ta."

Na fasa tayin. Yadda ya faɗa haka na biya.

Har aka yi gasar kofin duniya ina koyo, amma yatsana kaucewa wurin yake yi.

Jama'a, da ku ne, za ku iya dukan wurin?