Fam Biyar Mai Warin Kifi

Kakarmu Inno bandar kifi take yi a Argungu, don haka gindin murhunta ne wurin hirarmu bayan sallar isha'i. Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai guda da ba ta buɗe ta da "ga ta nan", ba ta kuma rufe ta da "ƙurunƙus". Labarin fam biyar ne.

"Kai mijin banza, matso," take ce mini. "Ku naira kuka sani, ba ku ga kuɗɗi ba."

Sai ta shiga siffanta takardar kamar tana hannunta. Ta fi tafin hannu faɗi, launinta shuɗi-shuɗi. Ga dogon benen banki a gaba, ga "fam biyar" da ajami, in ka ɗaga ta ga rana kan zaki ya bayyana. A zamanin babu takardar da ta fi ta, mutum kan tsufa bai taɓa riƙe ta ba. A kusurwa guda kuma akwai tabon man kifi, shatin babban yatsa.

Yatsan Garba ne, ɗanta na fari, wan mahaifina. Jirginsa na kamun kifi ya sayar da zai tafi soja lokacin yaƙin basasa, ya damƙa mata kuɗin. Bai dawo ba. Ba a daɗe da share makoki ba mai shela ya zaga gari: an canza kuɗi, wanda bai kai nasa ba cikin 'yan kwanaki, ya zama takardar tsire. Ga rumbu ya yi ƙasa, ga yara huɗu.

Ta hau mota zuwa Birnin Kebbi. Da layi ya zo kanta, ta tambayi akawun banki, "Ɗana, wagga mi za ku yi da ita?"

"Ƙone ta za a yi, Inna."

Sau uku tana miƙawa tana janyewa, a na huɗu ta saki. Geron da ta saya da sabuwar takardar shi ya riƙe mahaifina da ƙannensa har damina.

Da na fara aiki na yi ta cigiya, har na samo irinta wurin wani mai tara tsofaffin kuɗi. Na kai mata jiki na rawa, lokacin idanunta sun tafi. Ta shafa, ta kai hanci, ta yi ta shinshinawa. Wallahi sai da na yi da-na-sani.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce, ta miƙo mini abina. "Amma wagga ba ta warin kifi."

Sai ranar na gane ba kuɗi take siffanta mana ba. Garba ba shi da hoto, ba shi da kabari a Argungu. Tabon nan kaɗai ya bari, shi ma ta bayar aka ƙone don mahaifina ya rayu.