Akalar Raƙumin Inna Yalwa

Ni dai a aji huɗu na tsaya a firamare, amma digirina na wayarin mota a gindin murhun kakata Inna Yalwa na samo shi, nan Yakasai. Wanda ya yi dariya, Allah ya haɗa shi da giyar mota mai taurin kai.

Da an idar da magariba sai mu kewaye ta tana tuƙa tuwo, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. "Ku rufe min bakunan nan, ja'irai," in ji ta, "ga ta nan ta iso."

Wai wani falke ne raƙuminsa ya daina jin magana. Yana bisa yana ta jan akala, raƙumi bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Aka ce ya lalace, a yanka. Har an wasa wuƙa, sai wata tsohuwa ta ce a ba ta akalar. Ta bi ta da yatsa tun daga hannun falke. Ashe ɓera ya gutsure ta a ƙarƙashin kaya, guntun ya maƙale a sirdi. Sirdinsa falken yake ta ja!

"Raƙumi lafiyarsa ƙalau," Inna ta ce tana nuna mu da muciya. "Saƙo ne ba ya isa."

To bara, motar maƙwabcina Habu direba, otomatik, ta maƙale a giya uku. Da ita yake ciyar da gida. Kanikawa suka ce giyabos ya mutu, har ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su zo su kwashe ta.

"Baba Ɗanlami, kar ka wahalar da kanka, kwamfuta ma ta ce solonoid ne," in ji Habu da ya ga na zo duba ta.

Na ce, "Ita kwamfutar ta san Inna Yalwa?"

Na ɗora mitar gwajin wuta a kan solonoid ɗin, wato ɗan abin nan da wuta ke buɗewa, mai ya wuce, giya ta canja. Garau yake! Sai na kama wayarsa da yatsa, ina bi, ina bi, gwiwata na ƙara. Can ƙarƙashin batir, ga ta a gwaguye, ga ɓawon gyaɗar da Habu ke bari a mota an tara kamar rumbu. Na haɗa, na naɗe.

Muka hau titin Kabuga. Ɗaya, biyu, uku... huɗu! Habu ya saki kabbara har masu adaidaita suka waiwayo. 'Yan gwangwan kuwa da kurarsu wayam suka koma.

Inna ba ta taɓa leƙa cikin inji ba, Allah ya jiƙanta. Amma har yau, in aka ce min wani abu ya lalace, mota ko ɗan mutum, sai in ce a dakata da wuƙar tukuna, a miƙo min akalar.