Ranar da Gejin Baba Tsoho Ya Faɗi Gaskiya

Jiya ina tsaye da Napep ɗina a bakin kasuwa a Funtua, wani ya ta da injin ban ruwa yana gwadawa kafin ya saya. Fat-fat-fat-fat. Fasinja na yi mini magana, ni kuwa tuni na koma wata fadama, ina gudu ba takalmi. Gyara zama ka ji, wannan hawan kyauta ne.

Kakanmu, wanda muke ce wa Baba Tsoho, yana da wata akori-kura da ta girmi duk jikokinsa. Da ita yake kai tumatir da rake kasuwar Danja. Hon ɗinta kamar akuya mai mura, ƙofar fasinja kuwa sai an riƙe ta da hannu. Amma abin da ta fi suna da shi gejin mai ne. Tun wani zamani tankinta ya ɓule, wani bakanike ya ɗaura mata na wata mota daban, daga nan allurar ta koma yin komai a juye. In an cika tanki, sai ta kwanta a kan ja. In mai ya kusa ƙarewa, sai ta miƙe can ɗaya gefen tana fankama.

Duk gidan mun san haka, har kaji. A wurinmu ja alheri ne. Ni har na bar makaranta, ba wani nisa na yi ba dama, ina zaton haka motocin duniya suke. In baƙo ya shiga gaba ya leƙa ya ce, "Alhaji, mai fa ya ƙare," sai Baba Tsoho ya yi dariya ya shafa sitiyari. "Rabu da ita, maƙaryaciya ce. Amma ba ta taɓa saɓa ƙaryarta ba."

Wata bazara ce, irin wadda ƙasa ke gasa tafin ƙafa. Babanmu ya yi tafiya. Da hantsi ƙanwata ta je bayan rumbu ɗauko kara, sai muka ji wata ƙara da har yau ban sake jin irinta ba. Kububuwa ce ta sare ta a idon sawu. Inna ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙafar, ta rungumo ta muka faɗa gaban mota, za mu asibitin Funtua. Ni aka ba riƙon ƙofa.

Baba Tsoho ya murɗa makulli, ya dubi gejin. Allura kwance kan ja, shar.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Shekaranjiya saura kaɗan na bar ta. Yaron nan ne ya cika mini, Allah ya yi masa albarka."

Yayana yake nufi, mai koyon wayarin mota a Funtua, wanda ya zo mana Juma'a ya koma da yamma. A bakin gari muka wuce ɗan bumburutu da galan-galan ɗinsa a jere. Inna ta ce, "Baba, ko a ƙara?" Ya ce, "A ƙara a ina? Cike take." Ya taka.

Mun yi nisa, mun bar gidaje, sai gonakin da aka share da tsirarun itatuwa, motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi 'yar shessheƙa, ta gangara gefen hanya ta tsaya.

Ka san shirun da ke biyo bayan mutuwar mota a daji? Ba ka san shi ba, kada Allah ya sa ka sani. Baba Tsoho ya buɗe bonet. Ya taɓa kan batir, ya zare fulogi ya hura, ya bubbuga kafireto da bayan sifana. Ya zare tiyon mai ya tsotsa, ya tofar da yawu kawai. "Famfon ne," ya ce. "Famfon ne ya ƙi jawowa." Ya zagayo ya leƙa gejin, ya koma, ya sake zagayowa.

Ƙafar ƙanwata ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi. Da farko kuka take yi, kukan ma daɗi ne ashe. Sai ta yi shiru. Inna ta buɗe mata baki, na ga jini na tsattsafowa daga dasashinta. Inna salati kawai take yi ƙasa-ƙasa, tana kallon hanya. Ko keke babu.

A nan wani abu ya faɗo mini. Ranar Juma'a, Baba Tsoho na can wajen gaisuwa bayan masallaci, na ga ƙafafun Yaya sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Har ya kore ni ya ce in je in yi wasa. Bakina ya yi nauyi, don a gidanmu yaro ba ya koya wa Baba Tsoho motarsa.

"Baba Tsoho," na ce, "jiya Yaya bai zo da galan ba. Wayar wuta ya zo da ita. Ya daɗe a ƙarƙashi, wajen tanki."

Ya ajiye sifana. Sai ya durƙusa a kan tsofaffin gwiwoyinsa, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tankin. Ƙwam, ƙwam. Kamar garwar da ba ruwa.

"Innalillahi," ya ce. "Gyara ta ya yi."

Yana rufe baki iska ta kawo mana wata ƙara daga can gangare. Fat-fat-fat-fat. Inda injin ban ruwa yake, akwai fetur. Ban jira an aike ni ba. Na keta gonaki, ƙaya na suka, ƙasa na ƙuna, kowane karan da na tsallaka sai in ga kamar maciji ne. Na iske wani dattijo tsaye cikin tumatir da fartanya. Maganar ta ƙi haɗuwa. "Baba, mai! Maciji! Ƙanwata!"

Bai tambaye ni ɗan gidan wa ba ne. Ya kashe injin, ya sunkuci galan ɗinsa, ya riga ni zuwa titi, tsohon da a haife ma ya haifi babana. Aka ɗura, aka ɗiga kaɗan a kafireto, ni da shi muka tura. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Har muka shiga Funtua ban saki ƙofar nan ba, kuma ban kalli fuskar ƙanwata ba. Numfashinta kawai nake saurare.

Ta rayu. Ga ta can da 'ya'yanta, da tabo a idon sawu, kuma duk sallah sai ta ba su labarin yadda kawunsu ya jiƙa wando. Gumi ne, na faɗa na gaji.

Yaya ya iske mu asibiti yana kuka kamar shi aka sara. "Gyara na yi, Baba Tsoho. So na yi ka gani ka ji daɗi." Na zaci mari zai sha. Sai tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Na sani. Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Gobe ka zo ka maida mata ƙaryarta."

Haka aka yi, kuma da ƙaryarta ta ƙare kwanakinta, har ta zama ɗakin kwanan kaji bayan rasuwarsa.

Yanzu gejin Napep ɗina lafiyarsa ƙalau. Duk da haka kullum da safe sai na buɗe tanki na girgiza na kasa kunne, 'yan tasha na ce mini boka. Su yi ta yi. Abin da ba su sani ba, duk ranar da allura ta kwanta kan ja, sai na fara jin sanyi a raina tukuna, kafin in tuna.