Rabin Ƙosai a Hanyar Kano

Wudil, kafin asalatu

Ban jira ladan ya tashe ni ba, don dama idona biyu na kwana. Talata ce cikin damina, a shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. 'Yata Safiya mai shekara huɗu zan kai Kano a yi mata aiki a kunne. Ta daɗe tana fama da ciwonsa, har jinta ya ragu, maganarta ma ta tsaya wuri ɗaya. Likita ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, za a sa ta barci a huda, a saka ɗan bututun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A bakinsa ƙaramin aiki ne. Ni kuwa tun da na ji za a sa ta barcin da ba nata ba, gabana bai daina faɗuwa ba.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, yana buga tebur da biro: daga tsakar dare kada komai ya shiga cikinta.

Uwarta Rabi tana jego, ba ta yi arba'in ba, don haka babu halin ta bi mu. Ta rako mu zaure tana tofa wa yarinyar addu'a.

"Malam, ko ruwa fa," in ji ta.

"Na ji."

"Na san ka, ba ka iya jure kukanta."

"Na ce na ji, Rabi. Ki koma ciki, akwai sanyi."

Tasha zuwa Mariri

Na yi asuba a masallacin tasha, muka shiga hayis, maza a gaba mata a baya kamar yadda aka saba. Tun kafin mota ta cika ƙamshin ƙosai ya iso mana daga bakin titi. Safiya ta miƙa hannu wajen taga, na mayar da shi. Ta sake miƙawa, na sake mayarwa. Ko da muka hau gada, kogi ya cika yana ambaliya a ƙasa, ita kuma ta cika motar da kuka.

"Malam, uwar ta yi yaji ne?" in ji direba, yana kallona ta madubi. Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe kawai.

Sai wata tsohuwa a bayana ta taɓa mini kafaɗa. "Miƙo ta nan, ɗan nan. Ina namiji ya iya rarrashi?"

Haka ake yi a kowace mota, yaro ya yi kuka a miƙa shi baya wajen mata. Na miƙa ta, na ce, "Inna, don Allah kada a ba ta komai, asibiti za mu."

"To, to. Allah ya ba ta lafiya."

Kafin mu kai Ladin Makole kuka ya ɗauke. Har na ce a raina, lallai tsufa ilimi ne. Na jingina kai ina kallon hotunan 'yan takara da ruwa ya fara kwaɓewa daga jikin bangaye.

A Mariri 'yan sanda suka tsayar da mu, direba ya fita gaisawa. Na waiwaya in duba ta. Tana zaune a cinyar tsohuwa cikin jin daɗi, leɓenta yana ƙyalli da mai.

"Inna, me kika ba ta?"

"Rabin ƙosai ne fa."

"Innalillahi! Ban ce kada a ba ta ba?"

"Ka ce. Amma wa ke kai yaro asibiti ciki ba komai? Mara lafiya ai shi ya fi buƙatar abinci. Jikoki tara na rena, ɗan nan."

Sa'ar mahaifiyata ce, kuma alheri ta yi niyya. Na karɓi 'yata, na goge mata baki da hannun riga, kamar hakan zai dawo da abin da ya riga ya wuce maƙogwaro.

Kano, bencin asibiti

Daga Unguwa Uku muka hau acaɓa, wajen ƙarfe bakwai da rabi muna bencin jira. Kusa da ni wani bawan Allah ne daga Gaya, shi ma ɗansa ya kawo. Ya ga na rasa sukuni ya tambaye ni, na faɗa masa a hankali.

Ya matso. "Yaushe suka ba ka ranar nan?"

"Tun bazara."

"To ka rufe bakinka. Kana faɗa za su kora ka gida, sai kuma bayan kaka. Rabin ƙosai mene ne? Ai ya narke tun a hanya."

Wallahi maganarsa ta shige ni. Na tuna jiran da muka sha, na tuna yadda sa'anninta ke zuba surutu ita tana bin bakinsu da ido. Ina cikin wannan saƙa da warwara nas ta kira sunanmu. Ta auna yarinyar, ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, "Ta ci wani abu yau?"

A'a tana kan harshena. Sai Safiya ta kwantar da kai a ƙirjina, na ji numfashinta yana fita da ɗumi ta cikin rigata.

"Ta ci, Sista. Rabin ƙosai, bayan asuba."

Faɗan da na sha ba sai na maimaita ba. Ta kira likitan da ke sa barci, wani dogo marar hayaniya. Ya ce, "Malam, wanda muka sa barci ba ya iya tari. In ta yi amai, huhunta zai tafi. Ka gane?" Na gane. Ya ce za a mai da ita ta ƙarshe, bayan azahar. In lokaci ya ƙure, sai dai a sake ba mu wata rana.

Ban taɓa ganin hantsi mai tsawon wannan ba. Na saɓa ta a kafaɗa ina zagaya baranda, tana kuka tana nuna masu talla. Duk macen da ta buɗe jaka kusa da mu sai in yi baya kamar na ga maciji. Wata ta miƙo mata ayaba na daka mata tsawa, daga baya na koma na ba ta haƙuri.

Ɗakin tiyata

Bayan azahar aka zo ɗaukarta. Ta ƙanƙame wuyan rigata, sai da nas ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa ta rufe tana kiran Baba.

Na zauna, na tashi, na sake zama. Can sai wuta ta ɗauke, fankar baranda ta tsaya. Kafin janareta ya tashi na karanto duk addu'ar da na sani, har da wadda ba ta wurin ba. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da kwalekwale ya kife da mu ina yaro.

Da aka kira ni, na same ta kwance ba motsi, auduga a kunne, baki a buɗe. Na dafa ƙarfen gado.

"Barci take, Malam," in ji nas. "An gama lafiya."

Jim kaɗan ta motsa, ta yi yunƙuri, ta amayar da ɗan ruwa rawaya a kwano. Nas ta riƙe mata goshi, ta dube ni. "Wannan bayan awa nawa ke nan. Da da safe ne fa?" Fita na yi bayan ɗakin na share idona.

Saboda yamma ta yi suka riƙe mu kwana. Mutumin Gaya ya zo duba mu da burodi da shayi, bai tayar da zancen safe ba, ni ma haka.

Komawa gida

Laraba da hantsi aka sallame mu, da gargaɗin kada ruwa ya shiga kunnen. A mota wata mata ta ce in miƙo ta baya, na gode mata na ce ta bar ni da kayana. Duk tirelar da ta wuce sai Safiya ta zabura ta cusa kai cikin hammatata, har na fara tsoron ko wani abu ya lalace.

Mun sauka Wudil kafin azahar, alhamdulillahi, Allah ya saka wa ma'aikatan nan da alheri. Rabi tana jin sallamata ta fito da gudu ba ko takalmi, ta ƙwala kira da iyakar muryarta, yadda ta saba yi mata: "Safiya!"

Yarinyar ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ɓata fuska. "Umma, ihu!"

Rabi ta tsaya cak. Ta dube ni, ta durƙusa a tsakar gida, hawaye na zuba. Sannan ta sake kiran sunan can ƙasa-ƙasa, ni da ke kusa ma da ƙyar na ji.

"Na'am," in ji Safiya.