Tsaya Inda Zai Gan Ka

Kowa Koci yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da hoki, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, a filin bayan gidan ruwa, usur a wuya, gwiwa ɗaya ɗaure da bandeji. Karatunsa guda ne, ya nanata shi har 'yan wasa na kwaikwayonsa a bayan ido: "Kada ku taru a kan mai ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba! Ku buɗe, ku ba shi wuri!"

Mutum ɗaya ne ya iya karatun nan tun kafin a rufe baki, wato autansa. To, shi ɗin ne kuma Koci ya zazzaga wa masifa a bainar jama'a ranar da suka sha kashi a wasan ƙarshe. Auta ya jingina sandarsa a bayan ƙofa, ya sami aiki a gari mai nisa, ya tafi. Yau shekara uku ke nan.

Kewa kam tana cin Koci. Duk wata sai ya sabunta naɗin mariƙin sandar nan, alhali babu mai riƙe ta.

"Malam, ka kira shi mana," in ji matarsa.

"Wuri nake ba shi."

"Wurin nan dai ya isa a yi noma."

Ran nan ana atisaye da yamma, Tela, ɗan wasan gefen dama, ya sheƙa da gudu, ya buɗe, ya ƙara buɗewa, har ya je ya laɓe bayan masu tsaron baya. Mai ƙwallo ya ɗaga kai bai ga kowa ba, aka ƙwace.

"Kai Tela! Ina za ka, gidanku?"

"Koci, kai fa ka ce a ba shi wuri!"

"Na ce ka ba shi wuri, ban ce ka ɓace masa ba! Ka tsaya inda zai gan ka, ka sa sanda a ƙasa, ka kira shi. Shi da mutum biyu suka yi masa caa, shi zai nemo ka?"

Sai Koci ya saki usur, ya bar shi yana lilo a ƙirjinsa. 'Yan wasa suka yi cirko-cirko suna jiran sauran faɗan, bai zo ba.

Ya ɗingisa zuwa benci, ya lalubo wayarsa a jakar ƙwallaye, ya danna wata lamba. Ta yi ƙara sau biyar kafin a ɗauka.

"Baba?"

"Ni ne," in ji Koci. "Ba wani abu ba ne. Na ce dai... ga ni nan."