Inda Katakona Ya Ƙare

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun injiniya, aka ce ɗalibai su ƙera irin garin da suke fatan gani nan gaba, za a yi baje koli a ba da kyauta. Ni da abokina muka haɗa kai. Shi mai zane ne, lissafi kuwa ko oho. Ni kuma in na zana akuya sai na rubuta sunanta a ƙasa kafin a gane ta. Muka ce Haɗeja za mu gina, Haɗejar da ruwa ba zai ƙara ci ba.

Hutu guda muka kwashe a zauren gidanmu. Muka sami faffaɗan katako, muka kwaɓa yumɓu da ɗan siminti. Abokina ya yi bishiyoyin maina da soso ya jera su bakin titi, ya yi wa masu sayar da kifi rumfa mai inuwa. Ni na fitar da magudanan ruwa har lungunan talakawa, na kewaye garin da jinga mai tsayi don tare ambaliya. A lokacin ji nake duk Jigawa babu mai kaina.

Ana saura kwana uku a yi baje kolin sai ga kawuna daga ƙauye. Manomin shinkafa ne a fadama, gabas da gari, kuma shinkafarsa na ci har na gama makaranta. Na jawo shi zaure ina ta zuba bayani. Ya tsuguna yana saurare, can ya ɗauki butar alwalarsa.

"Injiniya, in zuba?"

"Zuba mana, Kawu, ai don haka aka yi shi."

Ya tsiyaya. Ruwa ya bi magudanai tiryan-tiryan bai taɓa gida ko ɗaya ba, ya zagaye jinga, ya gangara gefen gabas, ya zube masa a ƙafa. Abokina har da tafi.

Kawu ya dubi ƙafarsa ya ce, "Nan ina ne?"

"Nan ba ko'ina ba ne, Kawu. Katakon ne ya ƙare."

"To ai nan ne garinmu, ɗan nan. Duk shekarar da kuka ƙara wa jingarku buhu, mu muke fara sani. In kun hana shi shiga nan, wurinmu yake zuwa."

Bayan ya fita, abokina ya ce mu ƙaro katako, mu sa ƙauyukan, mu nema wa ruwan inda zai kwanta. Na ce kwana uku ba za su isa ba, kuma aikin zai yi muni. Gaskiyar magana, kyautar nake so. Ranar baje koli na ajiye baho a ƙarƙashin gefen gabas, na saki ƙyalle ya rufe shi. Alƙalai suka zuba ruwa, suka jinjina kai. Mu muka zo na ɗaya.

Damina ta biyu bayan nan kogi ya cika. Gari ya fita gayya, aka yi ta jibga buhunan ƙasa a jinga, ni ma na ɗauka har kafaɗata ta saɓule. Gari ya tsira. Shinkafar Kawu ta nutse tana gab da nuna, ɗakunansa biyu suka zube. Ya kawo iyalinsa gidanmu, ya yi wata biyu yana kwana a zauren nan, garin da na gina yana kan benci daidai kansa. Bai taɓa tayar min da maganar ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da zai koma ya ce, "Injiniya, in ka gama da katakon nan ka ba ni. Ƙyaure nake nema." Da hannuna na kankare garin na miƙa masa.

Yanzu na daɗe a aikin injiniya. Ɗalibai kan kawo min nasu garuruwan a zane a takarda, da fitilun sola da lambuna, kuma ina jin daɗin zumuɗinsu. Nakan nuna gefen takardar in tambaye su wa ke zaune a nan. A taron manya ma tambayar ke nan, sai a wuce magana ta gaba. Na gaji da yin ta, amma na kasa bari.

Kawu ya tsufa, yana can inda yake. Duk sanda na je gaishe shi, ƙyauren nan nake turawa in shiga. Har yau shatin jingata yana jikinsa.