Layin da Malam Bai Rubuta Ba

A masana'antar tabarmar roba da na yi wa aiki a Sharaɗa akwai wani dattijo da muke kira Malam, wanda ke zana mana adon tabarma, da fensir da takarda mai gida-gida. Da aka kawo injinan da ke karɓar umarni daga kwamfuta, sai aka fara raɗe-raɗin sallamarsa, don umarnin nasu tulin lambobi ne, ni kaina sai na yi da gaske. Abin ya tsaya mini a rai. Na zauna na ƙirƙiro masa ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da kalmomin da ya saba: ja, kore, tsallake, maimaita.

Abin da na fi taƙama da shi a yaren shi ne makro, wato kalma guda da ta dunƙule umarni masu yawa. Malam zai rubuta rabin ado ya sa "madubi", kwamfuta ta warware kalmar ta cike ɗaya rabin kafin ta miƙa wa inji. Ya koya da wuri, har yana tsokanata da Injiniya.

Bayan 'yan watanni manaja ya tare ni a bakin sito, ya ce Malam ya nemi a sallame shi, wai idonsa ya gaza. Raina ya ɓaci, don gani nake duk wahalata ta tashi a banza. Na same shi a teburinsa da sabon tabarau a fuska.

"Malam, me ya yi zafi haka ba ku gaya mini ba?"

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta rubuta cewa akwai kuskure a layi na ɗari uku da wani abu, alhali rubutunsa bai cika shafi ba.

"Injiniya, na nemi layin nan har na gaji," ya ce. "Na sayi tabarau, ban gan shi ba. Mutum ya kamata ya san lokacin da zai ba yara wuri."

Ban taɓa jin tausayi haɗe da haushi irin na ranar ba. Layin yana nan, amma a cikin rubutun da kwamfuta ta warware wa kanta, wanda babu mai ganinsa.

Na sa ta fito mini da warwararren rubutun, na bi shi layi-layi. Ashe a kwamfutar ma Malam yana yin abin da ya saba yi da takarda: ya ninke fure, ya ninke gefen da furen ke ciki, sannan ya ninke tabarmar gaba ɗaya. Madubi a cikin madubi. Yaren nawa kuwa na waje yake fara warwarewa, sai ya yanke na ciki a tsakiya. Gyara wannan bai ba ni wuya ba.

Gyara na biyu ne ya cinye mini kwanaki. Na sa kowane layin da aka warware ya riƙa tuna layin Malam da ya haife shi, kuma idan a wurin warwarewar aka yi tuntuɓe, kwamfuta ta faɗi haka da bakinta. Har a Adaidaita, a hanyar Panshekara, tunanin kalmomin da za ta yi amfani da su nake yi.

Da na gama, na maido da tsohuwar matsalar da gangan don ya gani. Ya gyara tabarau ya karanta a hankali: "Rubutunku daidai ne. Ni ce na kasa warware madubin da ke layi na tara."

Sai ya cire tabaran ya sa a aljihu, ya sake karantawa ba tare da su ba.

"Je ka gaya wa manaja ina nan," ya ce.